Baƙuwar da Ta Zo da Rogonta

Sau huɗu a shekara ake ba Yotamu bokiti da buroshi. Duk ranar da Saje Makwinja ya leƙo ɗaki na uku ya ce, "Ina ɗan kabaza?" to kowa ya san gobe akwai baƙi. Sai Yotamu ya miƙe ya bi saje sito, ya dama farar ƙasa, ya fita yana shafe duwatsun da aka jera tun daga bakin titi har ƙofar gidan yarin. Dutse ɗari da goma sha huɗu ne. Ya san su sarai, har wanda ya tsage da wanda kunama take fakewa a ƙarƙashinsa. Kafin ya kai na ƙarshe farar ƙasar ta cinye masa tsakanin yatsu, sai ya yi mako yana cin nsima, tuwon masara, da gefen hannu.

Ba don ya fi kowa laifi aka ba shi aikin ba. Kafin a kama shi haya yake yi da keke, sana'ar da ake kira kabaza, yana goya mutane daga tasha zuwa ƙauyuka, kuma shi ke yi wa sauran 'yan kabaza zanen furanni da fenti a jikin kekunansu. Wata Laraba wani mutum ya hau da buhun takin zamani. Da suka kusa shingen 'yan sanda, mutumin ya ce a tsaya zai zaga ya yi fitsari. Har yau yana can yana fitsarin. Buhu ya tashi na sata, aka tafi da Yotamu da keke da buhu.

Sau biyu aka kai shi kotu. Kafin na uku aka yi wa majistare canjin wurin aiki, sannan damina ta yaye rufin ɗakin ajiyar takardu, aka kwashe fayil-fayil cikin gaggawa, nasa ya yi ɓatan dabo. Shi ke nan. Ba a ce ya yi laifi ba, ba a ce bai yi ba, an dai daina kiran sunansa. Tsofaffin hannu a ɗakin sun ce ko da ya amsa laifin, da shekara ɗaya da rabi ta fitar da shi. Ga shi yanzu ya yi huɗu da wata bakwai. Matarsa Filesi tana da cikin wata bakwai aka kama shi, kuma 'yar da ta haifa, Takondwa, bai taɓa ɗaukarta ba. Abin da yake so a duniya bai wuce a tsayar da shi gaban alƙali ba, a yanke ko me za a yanke, ya san ranar da zai koma gida ya ɗauki 'yarsa.

Kuma fa akwai mutanen da aikinsu ke nan, su shiga gidajen yari su ga irinsa. Kwamitin masu duba ne, ba ma'aikatan gidan yari ba, tsofaffin malamai ne da limaman coci da na masallaci da wani lauya da ya yi ritaya. Sai dai ba su da ko sisin kansu. Ɗan abin da ake ba su ta ofishin gidajen yarin yake biyowa, mota kuwa ta gidan yarin ce. In za su zo sai su rubuta takarda mako biyu kafin ranar, suna roƙon a aiko musu da mota da fetur. Don Allah wane irin dubawa ne wannan? Ka aika wa mutum cewa ran kaza zan zo in kama ka, ka taimaka ka aiko da direba.

To, ranar baƙi sai gidan ya zama wani wuri. A zuba man girki a wake. A raba sabulu. A fito da barguna daga sito da safe, a mayar da su da yamma bayan ƙurar motar ta kwanta. Da asuba kuma, tun kafin a kunna wutar girki, Saje Makwinja ya kira mutum ashirin da uku, waɗanda takardar tsare su ta daɗe da ƙarewa, a jera su bibbiyu a ƙofar baya, kowa da fartanya, a kai su can ƙarshen gonar gidan yari, bakin fadama. 'Yan gidan suna kiransu mutanen fadama. Yotamu da ya yi wa baƙi kwalliyar hanya bai taɓa ganin fuskar baƙo ko ɗaya ba.

Abokin jerinsa Che Amidu ne, wani tsoho masunci daga bakin tafki, wanda ya fi shi daɗewa da shekara uku. Bakinsa ba ya hutawa. In suka hango ƙurar motar daga nesa sai ya dogara da fartanya ya cire hula.

"Ga iyayenmu can sun iso. Achimwene, ɗan'uwana, gaishe su mana."

"Gaishe su kai, kai ne babba."

"Ni na gaji. Shekara bakwai ina gaishe su, ko ɗaga hannu ba sa yi." Ya mayar da hula. "Allah dai ya sa a rage mana ƙanzon waken. Wancan karon 'yan ɗaki na biyu har tukunya suka lashe, 'yan banza."

Sai a yi dariya a ci gaba da noma. Yotamu ma yakan yi dariyar, amma in ya sunkuya sai dariyar ta ɗauke.

Filesi tana zuwa Lahadi ta farko a kowane wata, tafiyar awa uku a ƙasa, da soyayyar gyaɗa a ƙulle a bakin zani. Akwai ragar waya biyu tsakaninsu, da tazarar da hannu ba ya kaiwa. Wata Lahadi bayan girbi ta zo da Takondwa, an yi mata kitso, an sa mata rigar coci.

"Gaishe da babanki," in ji Filesi.

Yarinyar ta ɓuya a bayan zanin uwar, ta leƙo da ido ɗaya. "Mutumin waya ne," ta ce.

"Ke, ba na hana ki ba?"

"Ƙyale ta," in ji Yotamu. "Ai gaskiya ta faɗa."

Filesi ta gyara ɗaurin kanta, ta matso, ta kira shi baban Takondwa da yarensu. "Bambo a Takondwa, na ji wani abu a rediyon maƙwabta. Wai can Lilongwe, babban birni, majalisa ta ware wa masu duban nan kuɗinsu daban. Ba za su ƙara bi ta hannun gidan yari ba."

"Wai."

"Da kunnena na ji."

"Na yarda kin ji. Rediyo ai ba abin da ba ya bayarwa. Shekaran jiya ma ya gina mana gada." Da ya ga fuskarta ta canza sai ya ji kunya. Mace ta yi tafiyar awa uku da labari a hannu, shi kuma ya watsa mata ruwan sanyi. Ya sassauta murya ya tambaye ta yadda masarar ta yi.

Wata uku ya wuce, lokacin baƙi ya zo, ba a kira ɗan kabaza ba. Wata huɗu, shiru. Duwatsun suka koma launin ƙasa, ciyawa ta fara leƙowa tsakaninsu. 'Yan gidan suka shiga ƙorafi, don su abin da suka sani game da baƙi shi ne man wake da sabulu.

"Na faɗa muku," in ji Che Amidu. "Da can yunwa ke kawo su, su zo su ci kazar Bwana, shugaban gidan nan. Yanzu an ba su nasu, me za su zo yi? Suna can suna sayen kwanon rufi."

Ran wata Talata, rana tsaka, Yotamu yana zaune kusa da ƙofar ciki yana liƙe tayar keken saje. Ta ragar ƙofar ya hango wani ɗan kabaza ya tsaya a bakin titi. Wata tsohuwa ta sauko da kyar tana dafe gwiwa, ta kwance bakin zani ta biya shi, ta sa shi ya rubuta wani abu a 'yar takarda. Ta taho tsakanin duwatsun nan marasa fenti, takalmanta duk ƙura, da jakar leda a hannu. Yotamu ya ɗauka uwar wani ce ta ɓata lissafin ranar ziyara. Har ya tausaya mata, don ya san korar da za a yi mata.

Sai ya ga ta miƙa wa gandiroban ƙofa wani kati. Gandiroban ya duba, ya sake dubawa, ya ƙame. Saje Makwinja da ke gyangyaɗi a inuwa ya zabura, ya nufi ofishin Bwana yana ɗaura bel a guje. Kafin ka ce me, magana ta zaga gidan daga ɗaki zuwa ɗaki: baƙi sun zo.

Abin da Yotamu ya yi daga nan, shi kansa bai san ya yi ba sai daga baya. Ya ajiye tayar. Ya goge hannu a wando. Ya bi ta bayan madafa, ya ɗauki fartanya a inda ake jingine su, ya je ƙofar baya ya tsuguna. Ya tarar da mutum shida sun riga shi. Che Amidu ya taho yana ɗingishi ya tsuguna a gefensa. Cikin ɗan lokaci duk su ashirin da uku sun jeru bibbiyu, fartanya a kafaɗa, suna jiran a buɗe. Ba wanda ya kira su. Saje ma ya manta da su sam, yana can yana neman makullin sito. Shekara da shekaru jikinsu ya koya cewa in an ce baƙi, su fadama suka nufa, kuma ba wanda yake son a zo a same shi ya makara.

Daga inda suke suna jin muryar shugaban gidan, Bwana Msiska, tana matsowa, yana kiran baƙuwar Mayi, wato Uwa.

"Mayi Nachisale, ai da kin sanar da mu. Ki taho ofis tukuna, an ɗora shayi. Kin sha rana."

"Na gode, Bwana. Na taho da ruwana."

"Haba Mayi, ko kofi ɗaya. Matata ta soya mandasi, fanken nan nata, da safe."

"Ka gaishe ta. Yau ba zan ci ba."

Mutanen da ke tsugune suka dubi juna. A wajenmu ba a yin haka. Ko gidan maƙiyinka ka shiga ya miƙo maka abinci, sai ka gutsura, in ba haka ba ka ce masa maye ne ke nan a gaban jama'a. Ga tsohuwa mai furfura, wadda ta san wannan fiye da kowa, ta mayar wa Bwana shayinsa a tsakar gidansa.

"To mu fara da ɗakin karatu," in ji Bwana, muryarsa ta ɗan bushe.

"Na ga ɗakin karatu sau goma sha ɗaya. Yau ta baya zan fara."

Ta ɓullo ta kusurwar madafa ta yi turus. Gajeriya ce, da tabarau ɗaure da zare a gefe ɗaya. Shekara talatin ta yi tana shugabar makarantar firamare, kuma har yanzu in ta dubi jeri sai ka ga leɓɓanta suna ƙirga. Ta ƙirga su har ƙarshe, sannan ta dawo kan Yotamu.

"Bambo, ina za ku da rana tsaka haka?"

Yotamu ya dubi Bwana. Bwana yana kallon takalminsa. Ba wanda ya taɓa koya wa Yotamu amsar wannan tambaya, don ba a taɓa zaton za a yi masa ita ba. Sai ya faɗi abin da ya sani.

"Fadama za mu, Mayi."

"Me za ku yi a fadama? An gama girbi."

"Ai baƙi sun zo."

"In baƙi sun zo fa?"

"In baƙi sun zo mu can muke wuni. Sai sun tafi mu dawo."

Che Amidu ya yi gyaran murya ya ce, "Mayi, ki yi haƙuri, yau mun makara. Ba a gaya mana da wuri ba."

Ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin zani, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce su ajiye fartanyun. Ta jawo wani bokiti da ke kife a jikin bango, bokitin farar ƙasar Yotamu ne ma, ta zauna a kai, ta fito da littafi da biro daga jakar leda.

"Bwana, a kawo mini takardar tsare kowane ɗaya daga cikinsu. Ina nan zaune."

Ɗaya bayan ɗaya ta kira su. Suna, ƙauye, ranar kamu, ranar ƙarshe da aka ga kotu. Wasu sun manta shekarar, sai su ce shekarar da fari ya cinye masara, ko shekarar da aka canza kuɗi, ita kuma ta lissafa ta rubuta. Da aka zo kan Yotamu ta dubi hannuwansa, tabon farar ƙasa na nan tsakanin yatsu.

"Kai ne mai shafa duwatsun?"

"Ni ne, Mayi."

"Sau biyu na tambaya wa ke wannan aiki mai kyau. Aka ce an sallame shi. Ni ma ban matsa ba. Ina cikin motarsu, da kazarsu a cikina, kuma su za su mayar da ni gida. Da wane baki zan matsa? Na ga tukwane sun fi mutanen da aka nuna mini yawa, na sa hannu a littafi na tafi. Sau goma sha ɗaya, Bambo. Ka yafe mini."

Yotamu ya rasa inda zai sa idonsa. Tunda ya shigo gidan nan in ban da matarsa ba wanda ya taɓa girmama shi da kiran Bambo, balle a nemi gafararsa. Sai ya tafa hannu a hankali sau uku kamar yadda ake yi wa manya.

Wajen ƙarfe biyu aka aiko daga gidan Bwana da tire a rufe, ƙamshin kaza ya cika wurin. Ta ce a mayar, a yi wa uwargidan godiya sosai. Ta kwance wani ƙyalle, ga dafaffen rogo guda biyu da gishiri a takarda. Ta ci abinta a kan bokiti tana rubutu da ɗayan hannun. Che Amidu ya bi tiren da kallo har ya ɓace.

"Mayi, da kin karɓa kin ba marayu."

"Kai Che Amidu, shekararka nawa?"

"Maraya ai ba ya tsufa, Mayi."

A nan ne ta yi murmushi na farko.

Kada in zalunci Bwana Msiska. Da la'asar ya fito da kansa, ba tare da takardun tsarewa kaɗai ba, har da wani kwali cike da kwafin wasiƙun da ya rubuta wa kotu a kan mutanen nan, wasu tun shekara biyar, ba amsa ko ɗaya. Ya ajiye a gabanta.

"Na rubuta, Mayi. Da na gaji da rubutu sai na fara ɓoye su. In an gan su a rahoto ni za a tambaya, ni kuma ina da 'ya'ya huɗu a makaranta."

"Na ji. Wasiƙun za su shiga rahoton. Fadamar ma za ta shiga."

Ya gyaɗa kai. Yotamu ya lura kafaɗun mutumin sun sauka, kamar wanda aka sauke wa buhu.

Da ta gama ta tafi a ƙasa har bakin titi, ta tsaya jiran kabaza. Direban gidan yari ya tayar da mota ya bi ta, ta ɗaga masa hannu ya koma.

Mako biyar aka yi ba labari, har Che Amidu ya fara cewa rogon ne ya shaƙe ta. Ran Alhamis ta mako na shida sai ga majistare da kanta, wata matashiya, da magatakarda da mai gabatar da ƙara. Aka sa tebur a gindin mangwaron tsakar gida, aka yi kotu a nan. Mayi Nachisale tana gefe a kan benci da littafinta. Da aka kira Yotamu Mtalika, sai da aka sake kira kafin ya tashi, don rabon da ya ji sunansa cikakke har ya manta. Mai gabatar da ƙara ya ce ba fayil, ba shaidu, buhun takin ma ba a san inda ya shiga ba. Majistare ta yi rubutu kaɗan ta ce ya tafi gida. Duka-duka bai kai minti huɗu ba.

Mutum goma sha bakwai aka sallama ranar. Che Amidu ba ya ciki. Tuhumarsa ta rai ce, kwalekwale ya kife da mutum a ciki, sai babbar kotu. Yotamu ya je yi masa sallama ya tsaya yana kallonsa.

"Kai tafi, ka tsaya kana kallona kamar na ci maka wake," in ji tsohon. "In ka ga tsohuwar nan ka ce kada ta manta da maraya."

Gida kuma ba a rana ɗaya ake komawa ba. Filesi ta yi kuka ta yi guɗa, 'yan'uwanta suka yanka akuya. Amma Takondwa da ta ga ba waya tsakaninsu sai ta tsorata, ta gudu ɗakin kakarta. Mako biyu in ya shigo ta fita. Bai tilasta mata ba. Yakan zauna a ƙofar gida yana haɗa keke, don 'yan kabaza na tasha kowa ya kawo masa abin da ya samu, wannan taya, wannan sarƙa, wancan sirdi. Yarinyar takan tsaya nesa tana kallo. Rannan ya yi zanen fure ja a jikin keken, ya ajiye buroshin a ƙasa kamar ya manta. Da ya waiwayo ta ɗauka tana shafa wa dutse.

Ranar da keken ya tashi, Filesi ta kama babban zakaransu ta ɗaure masa ƙafa. Yotamu ya ɗora Takondwa a kujerar baya, zakara a kwando, ya yi ta tambaya har ya gano gidan Mayi Nachisale a bayan makarantar da ta yi aiki. Ya same ta tana tsince wake a tire. Ya durƙusa ya ajiye zakaran a gabanta da hannu biyu.

"Mayi, ba ni da abin da ya kai. Wannan daga ni da mai ɗakina."

Ta dubi zakaran, ta dube shi. "Bambo Mtalika, tashi ka zauna. Na gode har zuciyata. Amma ba zan karɓa ba."

Ya ji kamar an mare shi. "Mayi, ni ba Bwana ba ne. Ba abin da nake ɓoyewa."

"Na sani. Amma in na ci naka yau, gobe uwar wani za ta sayar da akuyarta ta kawo mini don in fara duba ɗanta. Wadda ba ta da akuya fa? An biya ni kuɗin mota, an biya ni na rogo. Abin da na jira shekara uku a yi ke nan, kada ka ɓata mini."

Ya juya maganar a ransa. Zafin bai tafi duka ba, amma ya gane. Da tana karɓar kaza, da har yanzu yana bakin fadama.

Ta juya ga yarinyar da ke riƙe da sirdin keke. "Ke kuma 'yar gidan wa? Wane ne wannan da ya kawo ki?"

Takondwa ta sa yatsa a baki. Ta dubi Yotamu, ta dubi tsohuwar.

"Babana ne," ta ce. "Da a cikin waya yake."

Yotamu ya juya baya ya shiga gyaran igiyar kwando, igiyar da ba abin da ya same ta. Mayi Nachisale ta ci gaba da tsince wakenta, ta bar shi ya gama.

Zakara ya koma gida, aka ci shi ran Lahadi.

Bayan wata biyu, wata safiyar Juma'a, Yotamu yana tasha cikin layin 'yan kabaza sai ya ji an dafa masa sirdi. Ga ta da jakar leda da tabarau mai zare.

"Bambo, gidan yari. Nawa?"

"Mayi, ke kuma? Hau kawai."

"To bari in nemi wani."

Dole ya faɗi kuɗin, daidai yadda yake faɗa wa kowa. Ta hau. A hanya ta gaya masa babbar kotu ta sa ranar shari'ar Che Amidu, kuma yau za ta gaya masa da bakinta. Ya tambaye ta yaushe za ta sake zuwa, don ya riƙa jiranta a tasha.

"Ko kai ba zan gaya wa ba," ta ce.

Ya yi dariya har keken ya karkace.

A bakin titi ta sauka, ta biya, ta sa shi ya rubuta sunansa a 'yar takardarta ta shaidar biya. Ta kama hanya tana dafe gwiwa. Ta cikin raga ya hango wani gandiroba ya zabura ya nufi ofis. Yotamu bai juya nan da nan ba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa yana kallon duwatsunsa, ɗari da goma sha huɗu. Sun yi dauɗa, ciyawa ta rufe rabinsu, akuya ta yi kashi a kan mai tsagar nan. Ya ce a ransa, Ubangiji na gode, a bar su haka. Sannan ya juya keke ya koma tasha, don ya yi wa Takondwa alkawarin rake.